Tsohuwar karyar layinmu a Istanbul: in kira belediye ko in yi shiru?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina juya wata magana a raina na rasa mafita, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya fi ni sanin kanta.

Ni mutumin Fagge ne, shekarata shida a Istanbul. Aikin kargo nake yi a Laleli, mu ne masu ɗaure wa 'yan kasuwa dilolin kaya mu tura musu Kano. Gidan da muke haya yana can nesa, sai na hau metrobus sannan in ƙarasa da ƙafa. A layin namu akwai wata tsohuwar karya, 'yan unguwa suna ce mata Sari, rawaya ke nan da Turkanci, saboda launin gashinta. Tun ranar da muka tare na same ta kwance a bakin gidan biredin da ke kusurwa. Tana da 'yar roba maƙale a kunne, Turkawa suna ce mata kupe, wato ɗan kunne. Alama ce ta cewa hukuma ta taɓa kama ta, aka cire mata mahaifa, aka yi mata allurar rigakafi, aka dawo da ita inda aka ɗauke ta.

Ban tashi da son kare ba. A gidanmu in kare ya leƙo soro jifa yake sha. Watannin farko in na hango ta tsallaka titi nake yi. To amma da sanyi ya shigo, in na fito sallar asuba cikin duhu, wani lokacin ƙanƙara na zuba, sai ta miƙe ta biyo ni, tazarar taku biyar ko shida, har ƙofar masallaci ta zauna. In mun idar ta rako ni gida. Ba ta taɓa matsowa ta shinshine ni ba, kamar ta san ba na so. Sama da shekara biyar muna haka. Mahaucin layin ne ke ajiye mata ƙashi, wata tsohuwa da ke hawa na biyu ta shimfiɗa mata bargo a cikin kwali, ni kuma da zafi nake cika mata roba da ruwa.

Wata biyu da suka wuce aka fara gini a wani fili da ke bayanmu, sai ga wasu karnuka huɗu ko biyar, manya, babu mai ɗan kunne ko ɗaya. Da rana ba a ganinsu, da magariba suke fitowa a gungu. Ranar Litinin 'yata Ummi, shekararta bakwai, ta fito daga kanti tare da mahaifiyarta, ta ɗan yi gaba, ɗayansu ya yo kanta. Ta ruga, ya cafki gefen rigarta ya yage, ta faɗi. Akwai 'yar ƙujewa a ƙwaurinta, ba mu tabbatar ko haƙori ne ko ƙasa ce ba. An wanke mata an shafa aidin. Sari ce ta yi kansu da haushi har suka watse, mai biredi ya gani da idonsa.

Yanzu maƙwabta sun rabu biyu. Wasu sun ce in kira belediye, hukumar gunduma ke nan, abin da mutanenmu na Saudiyya ke ce wa baladiyya. Mai biredi kuwa riƙe hannuna ya yi ya ce don Allah kar in kira. Wai doka ta canza, in motar ta zo duk karen da ke titi kwashe shi take yi, da mai ɗan kunne da marar shi, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Gaba kura baya sayaki. In na yi shiru gobe aka ciji ɗan wani, ina da alhaki. In na kira, na saka wa wadda ta kare 'yata da kurkuku.

Shin da gaske ne abin da mai biredi ya faɗa? Me ake yi musu a can barinak, gidan da ake ajiye su? Akwai hanyar da baƙo irina zai fito da ita in an tafi da ita? Kuma malamai, ina matsayina a wajen Allah?

Likitan Dabbobi, Samaru:

Wa'alaikumus salam. Baban Ummi, ajiye maganar karya tukuna. Yau ɗin nan ka ɗauki yarinyar ka kai ta sashen gaggawa na asibitin gwamnati, ka ce musu karen titi marar rigakafi ne ya bi ta kuma fata ta buɗe. Kada ka tsaya tantance haƙori ne ko ƙasa, wannan aikin likita ne. Kwana uku bai yi latti ba, amma kada ya zama huɗu.

Ina matsa maka ne saboda ciwon haukan kare ba ya ba da dama ta biyu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, ƙujewa ƙarama ta ishe ta shiga. Takan yi wata biyu ko uku a ɓoye tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, wani lokacin mako guda, wani lokacin har shekara. Daga ranar da alamu suka bayyana, tsoron ruwa da firgita da dalalar da yawu, kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ga duk mai karantawa: in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan a nufi asibiti. Na sha ganin an ƙona gashin karen an shafa a ciwon an ce an yi magani. Wallahi ba ya yin komai.

Game da karnukan, a ilimin da muka karanta karya irin Sari kadara ce ga unguwa. Ba ta haihuwa, an yi mata rigakafi, ta san mutanen layin, kuma tana tsare wurinta daga baƙin karnuka. In aka ɗauke ta ba a kawar da juji da ragowar abincin da ke jawo su ba, wasu ne za su maye gurbinta, waɗanda ba a san lafiyarsu ba. Abin da ke katse yaɗuwar cutar shi ne a yi wa aƙalla 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. Amma gungun nan na bayan gini dabam ne. Karen da ya fara bin yara a kama shi, a killace shi kwana 10 a ga ko zai nuna alama. Dole a kira.

Kuma ka gode Allah kana garin da akwai lambar da za a kira. Mu a nan, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da yawonsu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Duk da haka a yawancin garuruwanmu in kare ya haukace samari ne ke bin sa da sanduna, a jefar da gawar a kwata, babu wanda zai kai kan a gwada. Sai ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, mu fita mu yi allura kyauta a wasu wurare, shi ke nan sai baɗi.

Maman Biyu, Istanbul:

Ƙanina sannu, Allah ya tsare gaba, a gaida Ummi da mamanta. Abin da likita ya ce shi ne farko. Kalmar da za ka faɗa a asibiti ita ce kuduz, wato ciwon haukan kare da Turkanci, nan take za su gane. A nan allura huɗu suke yi: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, ta ƙarshen kuma tsakanin rana ta 14 da ta 28. Za su ba ka kati, kada ku tsallake ko ɗaya.

Mai biredi bai yi maka ƙarya ba. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, na ga tsarin biyu. Tsohuwar dokar, mai lamba 5199 ta 2004, cewa ta yi a kama, a yi fiɗiya ko a cire mahaifa, a yi allura, a mayar da kare inda aka same shi. Ita ce ta ba Sari ɗan kunnenta. A ƙarshen Yulin 2024 majalisa ta yi mata gyara bayan rigima mai zafi da zanga-zanga. Yanzu karen da aka kama ba a mayar da shi titi, zai zauna a gidan ajiya har sai wani ya ɗauke shi riƙo. Wanda ke da haɗari ga mutane ko ciwon da ba ya warkewa, likitan dabbobi na iya yanke a kashe shi da allura. Kyanwoyi ba su shiga wannan kwasar ba, shi ya sa har gobe kake ganinsu a kan kujerun masallatai da tagogin shaguna. 'Yan adawa sun kai ƙara kotun tsarin mulki, a watan Mayun 2025 ta ƙi soke dokar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin ajiyar. Lokacin da ake muhawarar, gwamnati ta ce karnukan titi sun kai miliyan 4 a faɗin Turkiyya, gidajen ajiya kuma 322 ne, masu ɗaukar wajen 105,000. An ba belediyoyi zuwa ƙarshen 2028 su gina sababbi su gyara tsofaffi, kuma shugaban da bai ware kuɗin da doka ta ce ba zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2. Ka ga kuwa kowane shugaba zai so a ga motarsa tana kwasa, ko akwai wurin zubawa ko babu. Istanbul gunduma 39 ce, kowacce da nata tsarin, ga kuma na babbar hukumar birni, irin wanda ke Kisirkaya ta wajen Sariyer. Ba duka suka zama ɗaya ba. Na raka wata maƙwabciyata wani a bara, ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu, amma keji ɗaya karnuka sun fi goma, manya suna hana ƙanana ci, haushi kuwa sai da na fito da ciwon kai. Tsohuwar karya da ta saba kwanciya ita kaɗai a rana, ban ga yadda za ta daɗe a irin wurin ba.

Shawarata: ka kira, ko 153 ko lambar gundumarku, ka bayyana musu gungun bayan gini ne, kuma sun taɓa yarinya. Amma kafin ka kira ka ɗauki hoton Sari da hoton lambar da ke kan ɗan kunnen, da ita za ka neme ta. Ɗaukar riƙo suna ce masa sahiplenme. Maƙwabciyata katin shaida da adireshi aka tambaye ta, ta sa hannu a takarda, aka sa wa karen ƙaramin cip a ƙarƙashin fata da sunanta. Kai ka tafi da katin zamanka. Sai dai ka sani, in ka sa hannu ta zama taka, ba za ka sake ta a layi ka ce ta koma bakin gidan biredi ba. Tarar yasar da dabba lira 60,000 aka sa a dokar a 2024. Ka fara neman wanda ke da fili ko lambu tun yanzu.

Ɗalibi a Uskudar:

Yaya, Allah ya ba Ummi lafiya. Ina so in ƙara abu ɗaya don ka gane dalilin da dattijo kamar mai biredi zai riƙe hannunka a kan kare. Garin nan ya taɓa yin wannan kwasar. A 1910 hukumar birni ta tattara karnukan Istanbul, ana cewa wajen 80,000, aka loda su a jiragen ruwa aka zube su a Sivriada, wani tsibirin dutse a tekun Marmara da babu abinci babu inuwa. Yunwa da ƙishirwa suka kashe su, har suka riƙa cin junansu. Mutanen gari suna kiran tsibirin Hayirsizada, marar alheri. Gobara da girgizar ƙasa da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, talakawa da yawa sun ɗauka alhakin karnukan ne. Turkawa da yawa sun san labarin nan, kuma kakanninsu har wakafi suke yi don ciyar da dabbobin titi. Ni dai ina tsoron a maimaita shi a bayan katanga, inda ba mai gani.

Na Maradi:

Ku yi mini haƙuri, ni zuciyata ba ta wajen karnukan. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, yana ɗan shekara tara, kare ya cije shi a yatsa, cizon da ko jinin kirki bai yi ba. Aka ce ba komai. Bayan wata biyu muka ɗaure shi da zane a kan gado, yana ganin kofin ruwa yana ihu, mahaifiyarmu tana kallo. Shekara ashirin ke nan ban manta muryarsa ba. Su ma Turkawan da suka nemi a canza dokar ai ba mugaye ba ne, akwai waɗanda karnuka suka yayyaga musu 'ya'ya, akwai yaran da suka faɗa gaban mota suna gudun kare. Baban Ummi, kwana ukun da ka yi kana tunani sun yi yawa. Ka kira yau. Maganar tsohuwar karya a yi ta daga baya.

Malam na Zaure:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da haƙƙin dabba, ya kuma jiƙan ƙanin ɗan uwanmu na Maradi. Kiran hukuma a kan karnukan da ke cutar da mutane babu laifi a cikinsa, barin sa ne laifi, domin kawar da cuta daga hanya yana cikin imani, kuma ran yaro yana gaba. Wannan ka cire shi daga ranka.

Amma ita wadda ba ta cutar da kowa ba, tana da haƙƙi. Ka san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Ka kuma san na matar da ta shiga wuta a kan kyanwa. Ka lura da laifinta: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Duk wanda ya killace dabba, mutum ne ko hukuma, ci da sha da lafiyarta sun hau wuyansa daga ranar. Wannan ne ma'aunin da zan auna kowane gidan ajiya da shi. In suna ciyarwa suna magani, sun yi aikin lada. In sun tara su sun bar su da yunwa, sun san wadda suka yi koyi da ita.

Mu a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Abin da aka hana shi ne ajiye shi a cikin gida ba da dalili ba. Farauta da tsaron gona da na dabbobi nassi ya zo da su, malamai kuma sun haɗa da gadi in akwai buƙata. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da muke karantawa a zaure, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka kada ka kai ta ɗakin da iyalinka ke salla. Ka nema mata inda za ta yi gadi a ci da ita.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, a daren da na karanta saƙonka muka tafi asibiti. Sun duba suka ce ba za su yi caca da ita ba, suka fara allurar. Ta karɓi uku, saura ta ƙarshe. Ɗan uwana na Maradi, maganarka ce ta tashe ni daga zaune, Allah ya sa ƙaninka ya huta.

Washegari na ɗauki hoton ɗan kunnen kamar yadda Hajiya Maman Biyu ta ce, sannan na kira. Bayan kwana biyu motar ta zo da hantsi ina wurin aiki. Sun kama uku daga cikin gungun, sauran sun tsere ta bayan ginin, an ce za a dawo. Sun tafi da Sari. Matata ta ce ko gudu ba ta yi ba, ɗaukar ta kawai aka yi. Mai biredi bai amsa gaisuwata ba kwana biyu, tsohuwar hawa na biyu kuma har yau ba ta ɗauke kwalin ba. Asubar farko da na fita ni kaɗai, sau uku ina waiwayawa.

Na bi shawarar Malam. Baturken da muke hayar sito a wurinsa yana da wani babban wurin ajiye kaya a bayan gari, da katanga da maigadi da bishiyoyi. Na ba shi labarin tun daga farko, ya yi shiru, ya ce shi zai sa hannu da sunansa, ni kuma na ɗauki nauyin abincinta da allurarta ta shekara-shekara. Na buga waya gidan ajiyar na karanta musu lambar, sun ce tana nan, amma ba ta cin abinci sosai. Asabar da ƙarfe goma za mu je. Mai biredi ya ce zai rufe shago ya bi mu, don shi ta fi sani, in ta ji muryarsa za ta fito.

Hajiya, tambaya ɗaya ta rage. Motar kargo za mu je da ita, bayanta a rufe yake babu taga, tafiyar kuma ta fi awa ɗaya. Maƙwabciyarki a me ta ɗauko nata, kuma su ne ke ba da igiya da takunkumi ko mu saya mu tafi da su?